Nasiha ga Mai Kallo a Gangara Kan Yadda Ake Gane Fim Mai Cin Caji

Duk wanda ya taɓa ɗaukar wayarsa daga Gangara ya nufi Jibiya ranar Lahadi, ya kutsa cikin cunkoson kasuwa har rumfar mai tura finafinai, ya biya, ya komo gida ya kai wayar wurin mai caji ya sake biya, ya yi haƙuri har aka idar da sallar Isha'i, sa'an nan ya shimfiɗa tabarma ya tara ƙannensa, daga bisani ya tarar abin da aka tura masa ba kai ba gindi, to, wannan bawan Allah ya san irin takaicin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ni mai kallo ne kawai, amma tun zamanin kaset nake kallo, kuma ina ganin wanda ya ba da kuɗinsa da darensa yana da haƙƙin ya yi hukunci.

Farkon abin da zan hore ka da shi, ya ɗan'uwana, kada ka karɓi shaidar mai turi ita kaɗai, domin a wurinsa kowane fim sabo ne, kowanne kuma ya ƙayatar. Ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ya ba ka labarin a taƙaice. In ya ce wane ya ci amanar wane, sai kaza ya biyo baya, akwai alamar alheri. In kuwa ya shiga lissafa maka sunayen 'yan wasa da irin motocin da suka hau, to, labari ne babu, sai ka ja memorinka ka yi gaba.

Finafinanmu na Hausa su ne suka fi cancantar dogon bayani, saboda namu ne, kuma ciwon abin da yake naka ya fi zafi. Tun daga shekarar 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, har zuwa lokacin da Sangaya da Wasila suka cika gari da waƙa, an yi abubuwan da har yau ake tunawa da su. Amma waɗanda suka biyo baya, da yawansu waƙar suka riƙe suka saki labarin. Ƙa'idar da na gwada ta kuma ba ta taɓa ba ni kunya ba ita ce wannan: in rubu'in sa'a bai cika ba saurayi da budurwa sun riga sun shiga lambu, sun sauya tufafi sau uku, alhali kuwa ba ka san sunan uban yarinyar ba, ballantana sana'ar yaron, ka kashe ka adana cajinka. Haka kuma ka lura da rigimar da aka gina fim ɗin a kanta. Sau da yawa za ka ga Alhaji da matansa biyu a falo, an shafe sa'a biyu ana kuka ana rantsuwa, a kan al'amarin da tambaya ɗaya tak za ta warware, da a ce akwai mai hankali guda a gidan. Bayan duk wannan wahala, daidai lokacin da za a buɗe ƙofa a ga wanda ke ciki, sai a rubuto maka a haɗu a kashi na biyu. Saboda haka tun a rumfa ka tambayi kashi nawa ne, kuma kada ka yarda da na ɗaya sai ka ga na ƙarshe da idonka.

Masu dogon zango kuwa, Daɗin Kowa na tashar Arewa24 da Labarina na Aminu Saira sun nuna ana iya jan labari mutane su yi ta jira mako bayan mako. Masu kwaikwayonsu tsawon kawai suka gano. Baƙo zai yi sallama, a nuna maka takunsa ɗaya bayan ɗaya daga zaure har tsakar gida, a gaisa, a tambayi gajiya da iyali da damina, a kawo ruwa. Gwajin a nan mai sauƙi ne: ka tsallake kashi uku, in ka iske baƙon nan bai gama shan ruwan ba, ka goge.

Barkwanci ya yi maraici tun rasuwar Rabilu Musa Ibro, Allah Ya jiƙansa, a watan Disamba na 2014, domin wasu sun ɗauka ihu da tsumma da faɗuwa ƙasa su ne sirrinsa. Alƙalin wannan babi tsohuwa ce. Ka kunna wa kakarka, in minti goma sun wuce ba ta murmusa ba, sai ma ta tambaye ka me ya sami mutanen nan, shari'a ta ƙare.

A fim ɗin Indiya, bos za ka duba, kada jarumi ya ruɗe ka. Abin da ya sa Sholay na 1975 bai tsufa ba, ko da yake Amitabh Bachchan da Dharmendra suna ciki, shi ne Amjad Khan da ya fito a Gabbar Singh, mugun da in ya yi dariya sai gidan kallo ya yi tsit. Yanzu kuwa, a cikin yawancin waɗanda ake fassara mana, jarumi zai mari mutum ɗaya mutum goma su tashi sama, motar da ke gefe ta kife, gashin kansa bai motsa ba. Wanda ba a jin tsoron za a kayar da shi kuwa, babu dalilin a yi sa'a uku ana tsaron lafiyarsa. Ƙari a kan haka, akwai mai fassarar da ya fi 'yan wasan surutu, wanda ko an yi shiru ana makoki sai ya cusa zancen tuwo.

Na Sin ba sa bukatar dogon bincike: Bruce Lee, wanda ya rasu a 1973, da ƙafarsa a ƙasa yake faɗa, in ka ga an fara shawagi a kan bishiya ka san igiya ce. Na Amurka kuma, in mota ta uku ta fashe ba ka san dalilin fashewar ta farko ba, ya isa. Amma na ban tsoro, wanda za a shafa wa mutum hoda a lulluɓa masa farin zane a ce aljani ne, wannan ba ya razana mutumin ƙasar Jibiya, wanda ya san yadda ake kwana da kunne a buɗe ana sauraron ƙarar babura daga daji.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. A 2021, da aka katse layukan waya a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, abin da ke cikin memori shi ne ɗan abin da ya rage na ɗebe kewa, ana tura shi daga waya zuwa waya, wani ma daga wajen 'yan'uwanmu na Ɗan Isa da Maradi ya ƙetaro. A lokacin na gane cewa mugun fim yaɗuwa yake kamar ƙyanda, domin kowa kunyar cewa an cuce shi yake ji, sai ya tura wa na gaba ya yi shiru. Malamanmu kuwa sun karantar da mu a babin ciniki cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin hajarsa. Don haka in abokinka ya miƙo waya ya ce ka tura masa, ka gaya masa gaskiya: waƙa bakwai ce, bos ɗin rago ne, kuma babu kashi na biyu. In ya ce ya ji ya gani, ka tura. Ranar Lahadi kuma ka koma rumfar mai turi, ka yi sallama, ka tambayi iyali da kasuwa, sa'an nan ka ce masa, "Malam, na makon jiya bai yi ba, a sauya mini da wani."