Furera da Hannun Hagun Darakta

Ranar Talatar nan na ga samari uku a kan rufin gidanmu suna kafa faifan sola. Na tsaya na yi musu sannu da aiki, har da sa albarka, ban san kabarin barcina suke haƙawa ba. Sai da yamma maigadi ya gaya mini ai na Darakta ne, mai hawa na biyu, wanda falonsa ke daidai bisa gadona. Wata bakwai ke nan duk faɗin Gwarinpa ni kaɗai nake murna idan an ɗauke wuta. Unguwa ta ja tsaki, ni in yi hamdala, don fiyanon Darakta da lantarki yake aiki. Yanzu ga shi ya haɗa baki da rana, kuma ita ba a taɓa jin ta yi yajin aiki ba.

Sauran 'yan fansho da na sani, wani gona ya saya a hanyar Keffi, wani ya faɗa siyasa, wani ya ƙara aure. Duk cikinsu babu wanda ya hana maƙwabci barci, in ka cire mai ƙarin auren, shi ma uwargida kawai ya hana. Darakta kuwa da ya cika shekara 35 yana aikin gwamnati, sai ya dawo gida da Yamaha mai haƙora 88, farare 52, baƙaƙe 36. Daga ranar zuwa yau shida daga ciki yake mora. Sauran 82 suna nan a jere, fes da su, suna zaman jira kamar masu bin bashin giratuti.

Kiɗan kun san shi. Wanda bai ji shi a wayar da aka ce masa ya dakata a kan layi ba, ya ji shi a ƙararrawar ƙofa ko a motar wasan yara. Beethoven ne ya rubuta shi a 1810, sunansa Für Elise. Maigadinmu ya kasa faɗin sunan, ya raɗa masa Furera, kuma da shi gidan duka ya san shi. "An fara Furera," in ji uwargidana, sai ta tashi ta rufe taga, ko da yake ta san ta silin abin ke saukowa.

Farkon Furera ba laifi. Haƙora biyu ne maƙwabtan juna, fari da baƙi, ana kai da komo a tsakaninsu, sannan a ɗan gangaro. Sauti tara ne, hannun dama ke jan ragama, kuma Darakta ya iya su kamar yadda ya iya sa hannu a takarda. Rikicin yana kan na taran, domin a nan ne hannun hagu zai shigo.

A nan fa sai an yi wa hannun hagu adalci. Tun Darakta yana ɗan yaye ake dukan wannan hannu. Ya kai shi kwanon tuwo, an make shi. Ya miƙa wa babba abu da shi, an zage shi har da iyayensa. Ya ɗauki alƙalami da shi a makarantar allo, bulala ta sauka. Shekara sittin da 'yan kai hannun dama ne ke gaisawa da minista, shi ke karɓar alawus, shi ke ɗibar naman, shi kuwa na hagu an bar masa aikin da ba a faɗa a jarida. To yau rana tsaka, an tsufa, sai a ce masa ya taso ya zauna daidai da na dama, su yi aiki tare cikin fahimtar juna? Ko ni ne sai na rama. Shi ya sa da an iso sauti na tara, hannun nan yake faɗowa kan haƙoran kamar buhun masara daga kan tirela, a inda ya ga dama, a lokacin da ya ga dama. Sai shiru na daƙiƙa biyu. Sai mu ji "Kash!" Sai a koma farko.

Na taɓa ƙirgawa wata Asabar tsakanin la'asar da magariba, na kai kash arba'in da ɗaya, na bari don kada in yi saɓo. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma ba su faɗi yadda za a yi ba idan ɗaya hannun yana da tsohuwar gaba da mai jinkar.

Abin ya riga ya shiga jinin gidan. 'Yata mai shekara tara tana wanke-wanke tana rera Furera, ta kai na tara, ta buga cokali a tukunya, ta yi shiru, ta ce kash, ta koma farko. Maigadi yana yin ta da fito, da kash ɗinsa cif. Akun matar hawa na ƙasa, wanda shekara uku aka yi ana fama da shi ya koyi sallama ya ƙi, cikin mako biyu ya haddace kash. Rannan ina jiran wani ofis su ɗauki waya suka sa mini Furera ta ainihi, ta wuce na tara sumul, hannun hagu ya shigo cikin ladabi. Wallahi sai na ji kamar an tsallake mini aya. Na kusa gaya wa yarinyar da ta ɗauka cewa kiɗansu akwai gyara.

Kada ku ce ba shi da malami. Akwai wani saurayi mai kaɗa fiyano a coci da ke zuwa duk Asabar da safe, mai haƙuri kamar bishiyar kuka. Ta silin nake sauraron darasin, har na fi ɗalibin ganewa. Yaron nan ya ce, "Yallaɓai, a bar farkon nan, an iya shi. A ɗauki wurin da ake faɗuwa kaɗai, hannun hagu shi kaɗai, a hankali, sau ashirin." Darakta ya ce, "An lura." Wanda ya yi aikin gwamnati ya san ma'anar an lura. Mutumin da ya kai mataki na 17 ba zai karɓi umarni daga yaron da ya zo a kan acaɓa ba. Malam na fita, aka koma farko.

Malamin ya kawo masa littafin Hanon, wani Bafaranshe da ya fitar da atisayen yatsu guda sittin a 1873, yatsu su hau su sauka, su hau su sauka, kamar mai neman sa hannu a sakatariya. Darakta ya yi kwana biyu ya ce wannan aikin masinja ne. A nan kam na goyi bayansa, don kwana biyun nan har Furera na yi kewa. Ashe ba ni ne farkon wanda ya sha wannan azaba ba. A 1886 wani makaɗin Faransa, Saint-Saëns, ya tsara kiɗa a kan dabbobi: zaki, kaji, giwa, kunkuru, jakuna. A tsakiyarsu ya ware fili guda ga masu koyon fiyano, suna hawa da sauka a kan haƙora. Mutumin nan ko shakka babu yana da maƙwabci a sama.

Sai kuma na'urar ƙidayar lokaci, mai ƙwas-ƙwas ɗin nan da wani Maelzel ya yi wa rajista a 1815. Tana cikin Yamahar. Darakta ya kunna ta sau ɗaya, ta tafi ta bar shi, ya kashe ta, ya gaya wa malam cewa tana da gaggawa, irin ta yaran zamani.

Ni ba koyon nake ƙi ba. Gemu ba ya hana ilimi, kuma dattijon da ya zauna koyon sabon abu ya fi wanda ya zauna a majalisa yana cin naman mutane. Abin da ke ƙona mini rai daban ne. Duk Juma'a Darakta yana sa babbar riga, ya kafa waya a kan kujera, ya ɗauki bidiyon sauti taran nan, ya datse shi daidai kafin buhun masara ya faɗo, ya ɗora a WhatsApp. Sai ka ga tsofaffin yaransa na ofis suna zuba "Masha Allah Yallaɓai", "Basira daga Allah". Su sun ji daƙiƙa uku, mu mun ji wata bakwai. Kuma wannan Daraktan ne fa, bara, da wani yaro mai ɗakin kiɗa a titin gidan zu a Kano ya zo neman 'yar ƙaninsa, ya tashi tsaye ya ce su a zuriyarsu ba sa ba maroƙi 'ya. Da me yaron yake sana'arsa? Da fiyano. Yamaha. Hannu biyu yake sa wa, yana hira yana kaɗawa, yana ciyar da uwarsa da ƙannensa da shi. Shi maroƙi ne, don waƙar Hausa yake wa kiɗa kuma ana biyansa. Darakta kuwa wayayye ne, don nasa kiɗan daga Turai ya zo kuma bai iya ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos da tsirkiya ɗaya tak a jikin kuntigi ya riƙe ƙasar nan shekara da shekaru, ya zaga duniya da ita. Na tabbata da ya zo neman aure gidan su Darakta, a zaure za a sallame shi.

Wannan komawa farko ma ai ba daga fiyano ya koye ta ba, da ita ya fito daga ofis. Hanya ta lalace a kilomita na tara, ba za a gyara kilomita na tara ba, sai a sake ƙaddamar da aikin daga kilomita na ɗaya, a kafa rumfa, a yanka ƙyalle, a ɗauki hoto. A iso na tara, kash, a kafa kwamiti.

Shi kansa Beethoven bai fitar da kiɗan nan ba. Ya mutu a 1827, sai a 1867, bayan shekara arba'in, wani mai bincike Ludwig Nohl ya tono takardar ya buga. Takardar ta asali ta ɓace, kuma har yau masana na gardama ko wace ce Elise, wasu ma na cewa Therese aka rubuta, mummunan rubutun hannun mutumin ne ya ruɗi Nohl. Ke nan maigadinmu da ya ce Furera bai fi kowa laifi ba. Mai abu ya ajiye abinsa a akwati, ya kurmance, ya tafi, aka bar mu masu kunne da gado.

Wai kun san a Taiwan motar kwashe shara ce ke kaɗa Furera? Motoci ne rawaya, suna shigowa unguwa da lasifika a lokacin da aka sani, da an ji kiɗan kowa ya fito da ledar shararsa ya jefa da hannunsa. Ba a tara bola a bakin titi. Tunda na ji wannan labari na kasa sukuni. Su kiɗan nan mota yake kawo musu. Mu sau arba'in yake tashi a wuni, kuma bolar da ke kusurwar layinmu tana nan tun kafin azumi, ta yi tsawon da har awaki ke hawa su duba unguwa. Muna biyan kuɗin shara duk wata, akwai rasit. Masu kwasar sukan zo ne kamar watan Sallah, sai an yi ta duba, wani ya ce ya gan su, wani ya ce ƙarya ne. In sun zo kuma su ɗebi na sama-sama, su bar gindin don iri. Yaran bola-bola masu amalanke su ne gwamnatin layin, su ma sun ƙara kuɗi, wai fetur ya hau, alhali da ƙafa suke turawa. Ledar ruwa ta toshe kwata, damina na zuwa, sauro ya riga ya aiko da 'yan share fage. A taron masu gida na ƙarshe an shafe awa biyu a kan maganar, aka tashi da shawarar a sake rubuta takardar da aka rubuta bara. Kun san wanda ya shugabanci taron.

Na so in kai masa shawara a ɗora shi da Yamaharsa a bayan a-kori-kura, a zaga da shi layi-layi, ko banza mutane za su fito da abin da ke hannunsu. Jiya na hau sama da niyyar haka, da niyyar kuma in yi maganar sola da haƙƙin maƙwabtaka. Ya tarbe ni da fara'a, ya sa aka kawo shayi, ya ce, "Malam, kai ne ma nake nema. Kullum ina cewa ku kuka fi kowa sa'a a gidan nan, kuna ji kyauta." Kafin in haɗiye shayin ya ƙara da cewa ya yi alkawari, in Allah ya kai mu bikin 'yata, shi zai kaɗa Furera daga farko har ƙarshe, ba zai karɓi ko sisi ba.

Na ce Allah ya kai mu, Yallaɓai. Na sauko na ɗauki biro. Kiɗan duka kamar minti uku ne. Darakta ya ci daƙiƙa uku a wata bakwai. In aka tafi a haka, ba ciwo ba tafiya, kuma hannun hagu ya yarda aka yi sulhu, zai kai ƙarshe nan da shekara 35. Yarinyar tana da 44 ke nan. Na nuna wa uwarta lissafin, ta duba, ta ce in koma sama tun da wuri in tambaye shi ko a sadakin za a sa kuɗin jiran.