Ma'aikatan Reluwen Gwangwani

Duk wanda ya tashi kusa da tashar jirgin ƙasa ta Lafiya ya san yadda gwangwanin sardin ke zama tarago: murfin kwalba huɗu, waya biyu, ƙusar hudawa, shi ke nan. Mu da muka ƙi girma har yau muna haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar a zauren wani abokinmu mai gyaran rediyo, inda muka shimfiɗa dogo a kan tsofaffin ƙyamare biyu. Jirgin gaske ya daɗe rabonsa da mu, ciyawa ta cinye layin da ya taso daga Fatakwal, ya bi Makurɗi, ya ratsa garinmu ya nufi Kafanchan. Namu kuwa yana tafiya, muddin batir na da rai, muddin kuma waɗannan bayin Allah sun ƙyale shi.

Shugabansu shi ne Malam Awo. Tef a aljihun gaba, fensir a kunne. Kafin a gama amsa masa sallama ya durƙusa, ya kanne ido ɗaya, ya kai hancinsa dab da layi kamar mai neman allurar da ta faɗi. Sai zaure ya yi tsit.

"Wa ya yi wannan taragon?"

"Ni ne, Malam."

"To madalla. Da wannan ƙofar taka, fasinjanka sai ya kai ƙafa tara. Samudawa za ka ɗauka?"

Abin haushin shi ne mutumin ya san abin da yake faɗa. Ya san Turawa masu wannan sha'awa suna da ma'aunin da suke kira HO, inda ake rage komai sau 87, tsakanin ƙarfe da ƙarfe kuma milimita 16.5. Ya san faɗin layin Lafiya ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, alhali na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ya kai 1,435. Wata rana wani yaro ya ƙero kan jirgi irin na Abuja, ya ɗora, abin ya kama zagaye gwanin sha'awa. Malam Awo ya girgiza kai, ya ce wannan ba zai taɓa hawa layin Lafiya ba, ƙafarsa ta yi faɗi.

"Amma Baba, ga shi yana tafiya."

"Yana tafiya bisa kuskure."

Shi ya sa muka rushe gadar da muka yi sati uku muna haɗawa da tsinken tsire, wai gadar Makurɗi ta 1932 da jirgi da mota duk ta kanta suke bi, tamu kuma ba ta bar wa mota wuri ba. Kan jirginsa na kansa fa? Shekara uku ke nan yana aiki a kai. Ya gama taya biyu. Amma wallahi ba a taɓa ganin tayoyi masu daidaito irin nasu ba, a cikin gwangwanin mentileta yake yawo da su.

Sarkin Usur ba ya ƙira, ba ya gyara. Bakinsa ne gudummawarsa: cuku-cuku, cuku-cuku, fiiii, har da yayyafin miyau a kan tasha. Direban Gaggawa kuwa, inda aka ce batir biyu sai ya jera shida, jirgi ya zo kwana ya tashi sama ya dira a kofin shayin mai gida, shi kuma ya ce "Allah ya kiyaye gaba" yana ƙyaƙyata dariya. Akwai Alhaji Kwali, wanda ɗansa ya aiko masa da jirgin Hornby daga Ingila. Yakan kawo shi mu leƙa ta cikin leda, ban da taɓawa. Ya ce zai kunna da zarar wutar lantarki ta daidaita. Mun yi masa addu'ar tsawon rai.

Baba Reluwe ba a iya fushi da shi. Tsohon ma'aikaci ne, ya yi ritaya, ya zo mana da jar tuta da koriya na ƙyalle, da dokar cewa jirgi ba ya motsi sai ya ɗaga. Sai mun isa Agyaragu, wato kwalin ashana na uku daga bakin ƙofa, ya ce a tsaya a yi lodin doya. Doyar ƙwayar gyaɗa ce. An gama lodi, a tashi mana? A'a, ana jiran jirgin kaya ya iso daga Gudi. Babu wani jirgin kaya a zauren nan. Minti ashirin muna zaune muna kallon juna, shi yana duba agogo yana cinye doyar ɗaya bayan ɗaya. "Haka muke yi a zamaninmu, 'ya'yana." Mun yarda, Baba.

Sai kuma Mai Tanadi, mutumin babban buri. Shi ba ƙaramin abu zai yi ba, mahaɗar Kafanchan zai gina sukutum, har da reshen da ya nufi Jos. Saboda haka yake tara gwangwani. Madarar ruwa yake sa wa a saya ko da ta gari ta fi araha, don dai gwangwanin. Buhu uku a ƙarƙashin gado, ɗaya a bayan ƙofa, ko tarago ɗaya bai yanka ba. Ba zan faɗi sunansa ba, mutumin kirki ne, kuma uwargidansa ta rantse in ban kwashe su kafin azumi ba za ta kira 'yan gwangwan.

Duk waɗannan in sun yi sati biyu ba su zo ba sai mun aika a dubo su. Mai Kilo ne kaɗai ba na son ganin takalminsa a bakin zaure. Shi in ya ɗauki kan jirgi, ba fenti yake kallo ba, ba taya ba. Jinjina shi yake a tafin hannu. "Wannan jar wayar ta ciki, da yawa ce?" Sannan ya ƙara da, "Manya da ku, kuna wasan yara."

Yaron nan na jirgin Abuja, shekararsa sha biyu. Hutu guda ya ƙarar a kan wani sabon kan jirgi, ya ciro injin daga matacciyar rediyon kaset, ya ƙona yatsa wajen liƙa dalma. Ya yi fenti ya ajiye a kan katanga ya sha iska. Kafin magariba babu shi. Washegari muka tsince shi a baron ɗan gwangwan, an take shi ya zama faifai. Ban ga laifin mai baro ba, halaliyarsa yake nema. Wanda ya sayar masa magidanci ne da gemunsa, kuma abin da ya karɓa bai kai kuɗin farantin shinkafa ba. Irin wannan idon ne ya kalli layin dogon gaske ya ga kilo. A 2021 'yan sandan Nasarawa sun baje kolin waɗanda suka kama da manyan motoci maƙare da ƙarafunan dogo da aka yanka, kuma ba mayunwata ne kaɗai a cikinsu ba.

Sati biyu yaron bai leƙo ba. A na uku ya shigo da sabon gwangwani ya zauna a lungu bai ce uffan ba. Malam Awo ya yi gyaran murya, ya zaro gwangwanin mentileta, ya juye masa tayoyin nan biyu a hannu. Da jirgin ya kammala ya yi zagayen farko, Sarkin Usur na busa, Baba Reluwe na ɗaga koriya, sai Malam Awo ya durƙusa, ya kanne ido, ya ce bututun hayaƙin ya yi tsawo da milimita huɗu.