Holan Ta Biyo Ni Har Gida

Ciwon son fita waje ya kama ni ne a shekarar ƙarshe ta jami'a, da na ji labarin Erasmus, shirin musayar ɗalibai da Turai ta kafa tun 1987, wanda daga baya aka buɗe wa jami'o'in Afirka ƙofarsa. Zango ɗaya ko biyu a can, ga kuɗin guzuri, wani lokaci har da koyon aiki a gona ko kamfani. Raina ya kwanta a kan Wageningen ta ƙasar Holan, inda ilimin noma da sarrafa ruwa ya yi gida. A takardar neman gurbi na rubuta cewa ni ɗan Kura ne, a bakin kanal aka yanke mini cibiya, babu abin da ya ɓuya mini a harkar ban ruwa. Abin da na tsallake shi ne, tun ina firamare duk ranar da aka ce a tafi gona sai cikina ya murɗa, kuma ba ya saki sai masu gona sun dawo.

Da saƙo ya shigo wayata, layin farko kawai na karanta: ana taya ni murna, an zaɓe ni. Sauran turancin na ce sai na huta. Kafin magariba labari ya isa Bunkure wajen dangin mahaifiyata. Washegari na faɗa Ƙofar Wambai wajen 'yan gwanjo, a tsakiyar Maris, rana tana dafa ƙwaƙwalwa, na sayo wata jibgegiyar rigar sanyi mai gashi a wuya. Na koma cin tuwo da cokali, wai ina horar da hannuna. Gwaggo ta ƙulla mini kuka da daddawa. Wani abokina ya ce in tuna da shi da kwamfuta, na ce ya rubuto sunansa, don masu roƙo sun yi yawa.

Sai malaminmu ya kira ni ofis ya ce in shirya, baƙina na sauka ranar Litinin. Ashe abin da layi na biyu ke cewa, an zaɓe ni ɗan rakiya kuma tafinta ga ɗalibai biyu daga Holan, mace da namiji, da za su yi bincike kan noman rani a yankin Kadawa. Takardar nan tawa ce ta burge kwamiti. A gida kuwa na ce wakilai aka turo su ga asalina kafin a buga biza.

Ranar zuwa gona na zura rigar, don su san ba da baƙon Turai suke magana ba. Tun a mota suka fara kashe mini jiki. Sun san an gama dam ɗin Tiga a 1974, zamanin Audu Bako. Sun san ruwan da ƙafarsa yake gangarowa, ba inji, daga babban kanal zuwa ƙanana har gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. Har suka ce kamfanin NEDECO na ƙasarsu na cikin waɗanda suka tsara aikin. Ni dai gyaɗa kai nake yi, wai ina tabbatar musu.

A gonar tumatirin Baffa aka yi ta ta ƙare. Ya miƙo mini lanƙwasasshen bututun roba da ake janyo ruwa da shi daga ƙaramin kanal zuwa cikin fangali, ya ce, "Injiniya, nuna wa baƙinka." A littafi abin ba wuya: ka nutsa bututun ya cika, ka toshe baki ɗaya da tafin hannu, ka tsallako da shi kan gaɓa, ka saki a ƙasa da tsayin ruwan. Na nutsa, na toshe, na saki. Bututu ya yi tari ya yi shiru. Na sake, ya tofa mini laka a takalmi. Na yi wa baƙi bayanin cewa matsin iskar yau ba daidai yake ba. Daga nan na durƙusa na kafa baki na zuƙa da ƙarfi, ruwan Tiga ya taho da rakiyar wani abu mai motsi, na zabura, santsi ya kwashe ni, sai ga ni rigingine a cikin kanal. Rigar ta sha ruwa ta danne ni kamar buhun shinkafa. Na shiga salati ina kiran a kawo ɗauki, har na fara yafe wa waɗanda nake bi bashi. Sai ƙaramin ɗan Baffa ya leƙo ya ce, "Yaya, miƙe tsaye kawai. Iya gwiwa ne."

Yaron ya tsinci bututun, ya ɗan girgiza shi da hannu ɗaya, ruwa ya ɓalle. Baturiyar ta gwada, ita ma ya zubo mata. Baffa ya ce, "Faɗa musu yau ce ranar farko da ruwan nan ya taɓa jikinka." Ina tsaye ina ɗiga, na juya na ce musu Baffa yana yi musu barka da zuwa. Dariyar 'yan tsinkar tumatir ta riga ta isar da saƙon.

Makonnin da suka biyo baya na kwashe su ina fassara tambayoyinsu da amsoshin Baffa: yadda ake rabon ruwa, rigimar na ƙarshen kanal da na farkonsa, kacalla da ke toshe hanyar ruwa, tsutsar sharon da ta cinye tumatir a 2016, yadda kwando ke faɗuwa warwas a Kwanar Gafan idan kaya ya yi yawa. Da rahotonsu ya iso, sunan Baffa ne a shafin godiya, ni kuma aka ce "da ɗan ɗan'uwansa".

Gwaggo ta aiko a mayar mata da daddawarta. Rigar kuwa Baffa ya soka mata sanda ya kafa a gonar shinkafa tana korar jan-baki. Duk wanda ya tambaya sai ya ce tun da aka haife ni, wannan ne karon farko da wani abu nawa ya kama aiki a gona.