Gas Ne, Alhaji

Mai gyaran bai ko sauke jakarsa ba ya yanke hukunci. Ya ɗaga tafin hannu saitin esin, ya lumshe ido kamar boka yana jiran saƙon aljani, ya ce, "Gas ne, Alhaji."

Afrilun 2024 ne, bayan ƙaramar salla, Kano tana tafasa, zafi yana haura digiri 40 da rana tsaka. A watan ne kuma aka kai yunit ɗin wutar 'yan Band A naira 225, layinmu na ciki. Esin nawa hos ɗaya da rabi ne, da kuɗin adashe na saye shi, ɗakin kuwa ɗan madaidaici, wanda a lissafi bargo ya kamata in riƙa nema. Sai ga shi in sa shi a 16 ya yi ta huci, mita tana zuƙe kati, ni ina kwance ina jiƙa katifa.

Na biya, aka ɗura gas. Shiru. Na kira wani, shi ma ya ɗaga hannu, shi ma gas ne. Ƙarin bayaninsa kawai shi ne na farkon jahili ne, wai R22 ya zuba a injin da aka rubuta R410A ɓaro-ɓaro a jikinsa. Aka zubar da wancan, aka ɗura wannan, aka sake yashe ni.

Maƙwabcina, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa a makarantar sana'a, shi ya gan ni a ƙofar gida ina fifita da kwali.

"Kai da ke da esi?"

Na kwashe labari na gaya masa. Ya yi dariya har da tari. "Gas ba fetur ba ne da zai ƙone ya ƙare. Cikin bututun jan ƙarfe yake zagayawa, a rufe ruf. In ya ragu, to akwai inda yake yoyo, sai a bi mahaɗa da kumfar sabulu a gano. Wanda ya ɗura maka bai toshe rami ba, ranar dawowa kawai ya sa maka."

Ya shigo ya ɗaga murfin gaba, ya zaro raga biyu. Ƙurar hunturu ta yi musu kirtani, har ba ka hango haske ta cikinsu. Muka wanke a bakin famfo, ruwan ya fito jawur. Ya duba rimot ko yara sun mayar da shi kan fanka ko alamar ɗigon ruwa, ya tarar yana kan alamar ƙanƙara yadda ya dace. Ya auna wuta, ya ce da magariba lo-karan ba zai bar kwamfuresa ta tashi da kyau ba, in nemi sitabilaiza. Na nema. Ɗaki ya ɗan sassauta, daga wuta zuwa ƙofar wuta.

Washegari maƙwabcin ya ce, "Ina na wajen yake? Esi fa kwashe zafin ɗaki yake yi ya kai waje ya zubar. In na wajen bai samu iska ba, zafin ba shi da wurin zuwa."

Muka zaga lungun bayan ɗaki, wurin da maza ba su cika leƙawa ba. Ban ga inji ba. Abin da na gani rumfa ce: zana ta kewaye ta ko'ina, an ɗora tsohon kwano a sama an danne da bulo. Na ɗaga gefe, wani hucin zafi mai ƙamshin miya ya doke ni. Faifai ne jere a gaban fankar, yankakken tumatirin Kadawa a wannan, kuɓewa a wancan, tattasai a zare an rataye shi a jikin bututu. Injin yana furzo iskarsa, zana tana mayar masa, yana sake shaƙa.

Goggona ta fito da buta a hannu, ko a jikinta.

"Goggo, wa ya yi wannan aikin?"

"Ni mana. Kada ku taɓa min, kuɓewar ba ta gama ba. Ƙuda ba ya zama, kaji suna tsoron ƙarar, dare ma bushewa take yi. Tunda kake sayen tarkace, ɗan nan, ba ka taɓa sayen abin arziki irin wannan ba."

Malam ya fara yi mata bayanin kwandensa. Ta saurare shi tsaf har ya dire, sannan ta tambaye shi ko gidansa ba a cin miyar kuɓewa busasshiya. Ya ce sai an jima.

Na waiga wajen uwargida neman agaji, ashe tattasan nata ne.

Sulhun da aka yi, da dare a yaye zana in samu barci, da rana a mayar. Ni dai ina wurin aiki da rana, na ɗauka na ci riba, sai da na ga kati yana ƙarewa tun tsakiyar wata. Ashe da an yi azahar Goggo ke aiken yaro ɗakina, wai a kunna mata injinta, a sa a 16, ya fi saurin busarwa.