Ma'abota Zullumi da Ire-irensu

Malam Ibn Hazmi na ƙasar Andalus, wanda ya rasu a shekarar 1064, ya yi nazarin ɗabi'un 'yan Adam har ya yanke hukunci cewa duk wahalar da mutane ke sha, ta neman dukiya ce ko sarauta ko ilmi, manufarta guda ce, wato korar damuwa daga zuciya. Allah ya jiƙan malam, amma da ya sami zama a dakalin unguwarmu ko da na yini guda, da lalle ya ƙara babi, domin akwai bayin Allah da ba su korar damuwa, sai dai su yi mata shimfiɗa.

Na farkonsu Malam Idan-Fa, wanda in hadari ya haɗo zai ce idan fa aka yi ambaliya, in sama ta washe ya ce idan fa fari ne ya tunkaro, in kuwa Allah ya kai damina lafiya, gero ya cika rumbu, sai ya kwana yana juyi a kan tabarma saboda tunanin gara da ɓera. Musibun da ya yi wa makoki galibinsu ba su taɓa aukuwa ba, amma ramar da suka sa masa ta tabbata, har layar wuyansa ta yi masa nauyi.

Ƙaninsa kuwa, Alhaji Da-Na-Sani, gabansa na fuskantar jiya. Akwai wani fili da aka yi masa tayi tun yana saurayi ya ƙi saye, kuma har yau ba ya wucewa ta wurin face ya tsaya ya lissafa kuɗin hayar shagunan da aka gina a kai, alhali shagonsa na kansa yana can a buɗe, masu ciniki sun gaji da sallama sun yi gaba.

Sai Wakilin Duniya, mai rediyo manne da kunne tun daga asuba, wanda zaɓen Amurka ke hana shi cin tuwo, yake kuma jin haushin Majalisar Ɗinkin Duniya don ba ta nemi shawararsa ba. In ka ce masa, "Malam, ga indararonka ya karye, ruwa na cin katanga," sai ya dube ka da tausayi, ya ce kai ba ka san halin da duniya ke ciki ba.

A cikin gida akwai Hajiya Me-Za-A-Ce. Ranar bikin 'yarta, kowa na cin shinkafa yana guɗa, ita kuwa tana tsaye bakin labule tana ƙidayar wadda ta harari jeren kwanoni da wadda gaisuwarta ta yi gajarta, sa'an nan ta yi wata guda tana tafsirin tarin da kishiyar yayarta ta yi lokacin da aka buɗe lefe.

Kada kuma a manta da Gwani Allah-Zai-Kawo, wanda ya ji wa'azin tawakkali ya riƙe rabi ya zubar da rabi. Shi kam ba ya zullumin komai, yana kwance a inuwar darbejiya yana sakace, saboda ya ɗora damuwarsa kacokan a kan matarsa da masu binsa bashi. Da ya zauna har ƙarshen karatu, da ya ji hadisin da Tirmizi ya ruwaito, inda aka umarci mai raƙumi ya fara ɗaure dabbarsa kafin ya dogara ga Ubangiji.

Wanda ya dace a cikin jama'a shi ne wanda in al'amari ya taso yake tambayar kansa ko akwai sababin da ke hannunsa. In akwai ya tashi ya yi shi nan take, in babu ya miƙa wa Mai shi, ya ja bargo. Abu Zaidu al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya ba da shawara a littafinsa na maslahar jiki da rai cewa mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, don ya same su a kusa ranar tashin hankali, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Irin wannan mutum shi ma yakan ji zafin hasara, sai dai ba ta tarar da shi ya riga ya ƙarar da ƙarfinsa a kan abin da bai faru ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, in ka gane maƙwabcinka a cikin waɗannan, yi dariyarka a hankali, domin mai yiwuwa shi ma yana can yana karantawa yana kiran sunanka. Ka gyara abin da hannunka ya kai, ka bar wa Allah saura.