Jinjina ga Kyaftin Dudley Smith, garkuwar Los Angeles

Duk wanda ya kalli L.A. Confidential, fim ɗin da Curtis Hanson ya fitar a 1997 daga littafin James Ellroy, ya ga abin da ake kira aikin ɗan sanda. Ga namijin duniya, bango madafar bayi, toron giwa mai tattausar murya, Kyaftin Dudley Smith, wanda James Cromwell ya hau matsayinsa da kwarjini irin na dattawan arziki.

Dubi kishin gari! Da aka ɗaure Mickey Cohen, uban 'yan daban birnin, sai kasuwar hodar heroin ta zama marainiya. Da wani shugaban ne, da ya bar ta ta lalace. Kyaftin kuwa ya rungume ta, ya ɗora wa kansa wannan nauyi a kan na ofis, bai nemi ko sisin alawus ba. Baƙin 'yan daba da suka zo neman rabo ya sa aka sauke su a Victory Motel, aka ɗaure su a kujera, aka yi musu tarba ta hannu da ƙafa har suka tuna hanyar garinsu.

Saurin aikinsa kuwa sai a tafa. An tsinci gawawwaki jibge a banɗakin gidan shan kofi na Nite Owl, kafin jama'a su gama salati an samo samari uku baƙar fata, an kuma samo bindigogi a motarsu, daidai inda aka ajiye musu. Wane mai bincike ne zai kamo gwanin da ya san mai laifi tun kafin a yi laifin, ya kuwa san shi sanin madubi? Ya hutar da alƙali, ya hutar da lauya, ya hutar da shaidu. Samarin ma an hutar da su gaba ɗaya, wanda ya harbe su, ɗan sanda Ed Exley, ya karɓi lambar yabo.

Ga karamci. Ɗan sanda Jack Vincennes ya je gidansa da dare da wata tambaya da ta hana shi barci. Maigida ya shigar da shi har kicin, ya saurare shi da kunnen uba, ya tabbatar bai faɗa wa kowa ba, sannan ya yaye masa damuwar da harsashi ɗaya a ƙirji.

Malami ne kuma mai albarka. Shi ya karantar da Ed Exley cewa ɗan sandan ƙwarai yana dasa shaida, yana fitar da iƙirari da duka, yana harbin mugu ta baya. Ɗalibin ya yi ta gardama, amma daren ƙarshe ya biya karatun nan na uku a bayan malaminsa, ba gyara.

Rundunar 'yan sandan birnin, uwa mai rufa asirin 'ya'yanta, ta sanar wa 'yan jarida cewa Kyaftin ya faɗi a fagen fama yana yaƙar miyagu. Exley, da ya san komai, aka ƙara masa lamba ta biyu, ya tsaya ƙyam aka ɗauki hoto.