Maganin Girman Kai Yana Ƙarƙashin Tekun Zanzibar

Akwai wani irin yawon buɗe ido da nake so in kare, duk da cewa ban yarda a kira shi hutu ba. Abokai ne za su haɗa kuɗi su ɗunguma zuwa wani tsibiri, su biya a ɗaura musu tukunyar iska a gadon baya a jefa su teku. A tsibirin Unguja na Zanzibar, ƙasar Tanzaniya, kusan kullum da safe jiragen ruwa na tashi daga Nungwi da Matemwe cike da irin waɗannan bayin Allah, sun nufi murjanin da ya kewaye ɗan tsibirin Mnemba. Hujjata ɗaya ce: ban san abin da ke sauke wa ɗan Adam girman kai cikin sa'a guda kamar nutso a cikin ayari ba, kuma mu da muka saba a tashi mana tsaye in mun shigo, har da ni mai wannan rubutu, muna buƙatar maganin nan.

Tun a cikin jirgi ake fara shan maganin. Babbar riga tana rufa wa tumbi asiri, rigar roba ta masu nutso kuwa tona shi take yi a gaban abokan da aka daɗe ana yi wa kurin motsa jiki. Sai a ɗaura wa mutum ɗamarar dalma don ya nutse da kyau, shi kuma ya ce an gode. Sai a ce ya tofa yawu a cikin gilashin fuskarsa ya goga da yatsa, don kada ya yi hazo. Mai gashin baki kuma a gargaɗe shi cewa ta nan ruwa zai riƙa kutsowa. A kusan kowane ayari akwai wanda ya kwana yana ba da labarin yadda ya ƙetare kogi yana yaro, kuma yawanci shi ne igiyar ruwa ke fara sa wa ya miƙa wa kifaye karin kumallonsa. Daga ƙarshe Alhajin da direba ke buɗe wa ƙofar mota zai zauna a gefen jirgi, ya juya wa teku baya, ya faɗa da ƙeya, ƙafafu a sama, domin haka ƙa'idar shiga take a ƙananan jirage.

A ƙasa kuma baki ya mutu. Tun 1943 da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a cikin ruwa, a baki ake cusa ta, don haka sarkin surutun majalisa da mai kawaici duk ɗaya suke. Babu damar cewa "Ka san ko ni wane ne?" Wani saurayi Bazanzibare, malamin nutso, sa'an ɗan mutum na uku, shi ke ba da umarni da yatsa, kowa na bi. Yatsun ma ba yadda muka san su suke ba. Wanda ya haɗa babban yatsa da manuniya suka yi zobe ya ce lafiya lau. Wanda ya ɗaga babban yatsa sama ya ce a fita. Sabon shiga da kunkurun teku ya burge shi zai ɗaga babban yatsa don yabo, sai ya ga malami ya fara tattara jama'a za a koma sama, mutum shida na harararsa ta cikin gilashi, ba shi da bakin cewa ba haka yake nufi ba.

Hujja mafi ƙarfi tana jikin ma'aunin iska. Duk mita 10 da aka nutsa, nauyin da ke danne mutum yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar duniya, saboda haka a mita 10 numfashi ɗaya yana cin ninki biyu na iskar da yake ci a sama, a mita 20 ninki uku. Ana cika tukunya zuwa kimanin maki 200, in ta sauko 50 an gama, kuma a ƙaramin ayari fitar mutum ɗaya takan zama fitar kowa. Mai tsoro haki yake yi, mai haki shi ke fara ƙarar da iska. A kan tudu namiji na iya ɓoye fargaba da murtuke fuska, a nan kuwa malami zai tambayi iskar kowa, allura ta faɗi gaskiya a bainar jama'a. Waɗanda suka ƙware har suka kai mita 30 ma ba su tsira ba: a nan iskar naitirojin kan sa kai ya yi nauyi kamar na mai maye, sai ga dattijon da bai taɓa kusantar kayan maye ba yana yi wa kifi dariya.

Wani zai ce wannan almubazzaranci ne. A Argungu wanda ya shiga ruwa da kifi yake fitowa, a Mnemba kuwa ka biya kuɗi, ko taɓa kifin an hana ka, alhali talabijin na nuna shi kyauta. Na yarda, in kifi aka je gani, an yi asara. Amma talabijin ba za ta nuna maka wane ne cikin abokanka zai tsaya ya jira ka in kunnenka ya toshe, wane ne kuma zai bi wani kifi mai launi ya manta an haɗa ku biyu-biyu don ku kula da juna ba. Mutane na kashe fiye da haka a shari'a da abokin kasuwancin da da sun san halinsa ba su fara ba.

Wani kuma zai ce ganganci ne, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Wannan gaskiya ce, ba kuma abin wasa ba. Shi ya sa ƙungiyar horar da masu nutso ta PADI, da aka kafa a Amurka a 1966, ba ta ba da shaidar matakin farko sai mutum ya nuna ya iya iyo, ya kuma yi minti 10 yana shawagi a kan ruwa, sannan iyakarsa mita 18. Ba a riƙe numfashi, domin iskar huhu na kumbura in ana hawowa. Ana hawowa a hankali, a dakata minti 3 a mita 5. Wanda ya yi nutso sau da yawa ba ya hawa jirgin sama sai bayan sa'a 18, mai asma ko ciwon zuciya kuma sai likita ya amince. Ƙa'idojin nan ba su da wuya, sai ga wanda bai saba a ce masa yi kaza ya yi ba. Haɗarin ma kenan ya fi neman mai girman kai.

Ƙorafin da ya fi ba ni wahala shi ne cewa maganin ba ya daɗewa. Da an hau jirgi an tofar da na'ura, baki ya dawo da ƙarfinsa. Gilashin fuska na ƙara wa abu girma da kusan kashi ɗaya cikin uku, masu ba da labari kuma su ɗora nasu, kafin a kai gaɓa ɗan kifin da bai wuce tafin hannu ba ya zama kifin shak. Amma akwai shaidu, akwai kuma kyamara, kuma da wuya a rasa wanda ya ɗauki hoton faɗawar da aka yi da ƙeya. Duk ranar da Alhaji ya fara cika baki a majalisa, ya isa wani ya taɓa aljihun da wayarsa take, sai ka ji an sauya zance.

Saboda haka shawarata ga duk mai shirin haɗa jari da wani, ko ba shi 'ya, ko naɗa shi shugaban ƙungiya, ita ce ya fara gayyatarsa Zanzibar. Amma mai gayyatar ya koyi iyo tukuna, ya kuma sani cewa shi ma tukunyarsa tana da ma'auni, kuma za a duba.